SHARHI: Tudun yashin da ke nutse a teku, wanda Chana ke kira ƙarshen ƙasarta

A ƙarshen watan Maris na 2013, jiragen ruwan yaƙi huɗu na ƙasar Chana, ƙarƙashin jagorancin wani katafaren jirgin jigilar dakaru mai suna Jinggangshan, suka ja birki a wani wuri a can ƙasan Tekun Kudancin Chana. Sojojin da ke ciki suka fito suka yi sahu a farfajiyar jirgin, suka yi rantsuwar kare martabar ƙasarsu. Kafafen yaɗa labaran gwamnatin Chana suka watsa labarin, suna cewa an yi bikin ne a iyakar ƙasar ta ƙarshe daga kudu.

Sai dai duk wanda ya tsaya a kan jirgin a ranar, ruwa kawai zai gani gabas da yamma. Wurin da aka yi rantsuwar dominsa tudun yashi ne da ke kwance kimanin mita 22 a ƙarƙashin ruwa, zurfin da zai iya haɗiye bene mai hawa bakwai. Ko a lokacin da teku ya janye matuƙa, tudun ba ya leƙowa. Turawan Birtaniya sun raɗa masa James Shoal, Chana na kiransa Zengmu Ansha, Malesiya kuwa Beting Serupai. Tsakaninsa da gaɓar jihar Sarawak a Malesiya kimanin kilomita 80 ne, kamar daga Kaduna zuwa Zariya. Tsakaninsa da gaɓar babban yankin Chana kuwa kusan kilomita 1,800 ne, tazarar da ta zarce tafiyar mota daga Legas zuwa Maiduguri.

Duk da haka, ɗalibai a makarantun Chana suna haddace sunan wannan tudu a darasin labarin ƙasa a matsayin ƙarshen ƙasarsu ta kudu. Taiwan ma tana da irin wannan iƙirari, domin tushen taswirarsu ɗaya. Ita kuwa Malesiya cewa take babu ma abin jayayya, tunda wurin yana cikin ruwan da dokar duniya ta ba ta.

Abin da dokar teku ta tanada

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka fi sani da UNCLOS, an rattaba mata hannu a 1982, ta fara aiki a 1994. Chana da Malesiya duk sun amince da ita a 1996. Ƙa'idarta ta asali ita ce, iko a kan ruwa daga tudu yake farawa. Ƙasar da ke da gaɓar teku tana da cikakken iko har zuwa mil 12 na ruwa, sannan tana da keɓaɓɓen yankin tattalin arziki har zuwa mil 200, wato kimanin kilomita 370. A cikin wannan yanki jiragen kowace ƙasa na iya wucewa, amma kifi da mai da iskar gas na mai gaɓar ne.

Yarjejeniyar ta kasa abubuwan da ake tararwa a tsakiyar teku kashi-kashi. Tsibirin da mutane za su iya rayuwa a kansa yana samun duk waɗannan yankuna. Dutsen da ke saman ruwa ko da teku ya cika, amma ba a iya zama a kansa, mil 12 kawai yake samu. Tudun da ke bayyana idan ruwa ya ja baya, ya kuma nutse idan ruwa ya dawo, ba ya samar da komai na kansa. Kotun Duniya da ke birnin Hague ta fayyace hakan a shari'ar Nikaraguwa da Kolombiya a 2012, inda ta ce irin wannan tudu ba a mallakarsa kamar yadda ake mallakar ƙasa. A wannan shari'ar, wani ɗan ƙaramin dutse guda ɗaya da aka tabbatar yana leƙowa sama da ruwa a yankin Quitasueño shi ya sama wa Kolombiya mil 12 a kewayensa.

James Shoal bai kai ko matakin ƙarshen nan ba, domin bai taɓa ganin rana ba. A idon doka ɓangare ne na ƙasan teku, kuma ƙasan teku na wanda gaɓarsa ta kai wurin ne. Da za a tsaya a kan wannan ma'auni, da maganar ta ƙare a nan.

Yadda kuskuren fassara ya zama iyaka

Bill Hayton, ɗan jaridar Birtaniya da ya wallafa littafi kan rikicin wannan teku a 2014, ya bi diddigin yadda tudun ya shiga taswirar Chana. A 1933, shekarar da Faransa ta shelanta mallakar wasu tsibiran Spratly, gwamnatin Chana ta wancan lokaci ta kafa kwamitin duba taswirorin ƙasa da ruwa. A binciken Hayton, kwamitin bai aika kowa ya auna tekun ba. Taswirorin Turawan Birtaniya ya ɗauko, ya mayar da sunayen zuwa Sinanci, ya fitar da jerinsu a 1935. Sunan James ya koma Zengmu. Kalmar Turanci da ke nufin wuri marar zurfi a teku kuwa aka fassara ta da kalmar da ke nufin tudun rairayi, irin wanda ake gani a bakin ruwa.

A 1936 wani malamin labarin ƙasa mai suna Bai Meichu, wanda kishin ƙasa ya cika wa zuciya a zamanin da Turawa da Japan ke yagar Chana, ya buga kundin taswirori. A ciki ya zana wurin tamkar tsibiri, ya ja layi ya kewaye kusan dukan tekun har zuwa can. A 1947 gwamnatin Kuomintang ta fitar da taswirar hukuma mai ɗigo goma sha ɗaya. A wannan shekarar aka sauya sunan tudun zuwa Zengmu Ansha, kuma ma'anar kalmar ta biyu ita ce ɓoyayyen yashi. Wannan na nuna cewa mahukunta sun gane wurin a nutse yake. An gyara sunan, aka bar layin inda yake.

Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1949, sai suka gaji taswirar. An share ɗigo biyu a mashigin Tonkin a shekarun 1950, saura tara. Wannan layin ɗigo tara shi Chana ta maƙala a takardar da ta aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Mayun 2009, domin ƙin amincewa da buƙatar haɗin gwiwa da Malesiya da Biyetnam suka shigar kan ƙasan tekunsu. A watan Agustan 2023 Chana ta sake fitar da sabuwar taswira mai ɗigo goma, na goman a gabashin Taiwan. Malesiya da Filifin da Biyetnam duk suka yi watsi da ita.

Hujjar Chana da inda ta yi rauni

Beijin ba ta yarda cewa iƙirarinta daga kuskure ya samo asali ba. Tana cewa masuntanta, musamman na tsibirin Hainan, sun yi ɗaruruwan shekaru suna kamun kifi a wannan teku, kuma sun bar rubutattun hanyoyin tuƙi. Tana cewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta karɓo tsibiran daga hannun Japan. Sannan tana ɗaukar dukan tsibiran Spratly, waɗanda take kira Nansha, a matsayin dunƙule ɗaya, da na sama da na nutse da ruwan da ke tsakaninsu. Ta wannan lissafi James Shoal ya zama jelar dunƙulen.

Kotun sasanci da aka kafa ƙarƙashin UNCLOS, a ƙarar da Filifin ta shigar a 2013, ta duba waɗannan hujjoji. A ranar 12 ga Yuli, 2016, ta yanke cewa iƙirarin haƙƙin tarihi a cikin layin ɗigo tara ba shi da madogara a doka, cewa ba a haɗa tsibiran Spratly a yi musu kuɗin goro, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ya cancanci yankin mil 200. Chana ta ƙaurace wa zaman tun farko, ta ce batun na mallakar ƙasa ne da shata iyaka, kuma tun 2006 ta sanar cewa ba ta yarda a tilasta mata shari'a kan shata iyakar teku ba. Har yau ba ta amince da hukuncin ba. A bisa ƙa'ida hukuncin Chana da Filifin kaɗai ya ɗaure, amma dalilan da aka gina shi a kansu sun shafi Malesiya kai-tsaye.

Babbar ɓarakar hujjar Chana tana cikin kalamanta a wani tekun. Tsakaninta da Koriya ta Kudu akwai wani dutse da ke nutse kimanin mita huɗu da rabi, wanda Koriya ke kira Ieodo, Chana kuma Suyan. Koriya ta gina tashar binciken teku a wurin a 2003. Matsayin da ma'aikatar harkokin wajen Chana ta sha bayyanawa shi ne, tunda dutsen a ƙarƙashin ruwa yake, ba ƙasa ba ne, don haka babu rikicin mallaka tsakanin ƙasashen biyu, sai dai batun shata yankin tattalin arziki. Wannan ita ce ainihin maganar da Malesiya ke yi a kan James Shoal, wanda ya ninka Ieodo zurfi kusan sau biyar.

Ba Chana kaɗai ce ta taɓa shimfiɗa ƙafa fiye da tabarmarta a wannan teku ba. Malesiya ta girke sojoji a wurare biyar a Spratly, ta kuma yi ciko a Layang-Layang har ta gina filin saukar jiragen sama. Biyetnam ta kakkafa dandamalan ƙarfe a kan tuddan da ke nutse a kudu maso yammacin tekun. Bambancin yana ga girman abin da kowa ke nema da ƙarfin da yake da shi na tilasta shi.

Arzikin da ke ƙarƙashin yashin

Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasan tekun da ke gaban Sarawak na cikin wurare mafi arzikin iskar gas a kudu maso gabashin Asiya. Daga nan ake turo gas ta bututu zuwa Bintulu, inda kamfanin mai na gwamnatin Malesiya, Petronas, ke da masana'antar mayar da gas ruwa domin fitarwa waje. Masana'antar na iya sarrafa kusan tan miliyan 30 a shekara, fiye da tan miliyan 22 na takwararta ta tsibirin Bonny a Najeriya. Kaso mai tsoka na kuɗin shigar gwamnatin tarayyar Malesiya daga Petronas yake fitowa.

Idan aka karɓi James Shoal a matsayin iyakar Chana, to yawancin waɗannan rijiyoyi sun faɗa cikin layin ɗigo tara ke nan. Shi ya sa matsin lambar da ake yi a zahiri ya fi yawa a tuddan Luconia da ke arewa da shi, inda ake haƙa. Tun wajen 2013 jiragen tsaron gaɓar teku na Chana suka mayar da wurin tamkar gida. Cibiyar AMTI da ke Washington, mai bin sawun jiragen ruwa, ta ƙirga musu sintiri na fiye da kwana 300 a kowace shekara daga 2022 zuwa 2024. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Malesiya da ya fito a 2020 ya ce jiragen Chana sun kutsa ruwan ƙasar sau 89 tsakanin 2016 da 2019.

A watan Afrilun 2020, yayin da duniya ke fama da annobar korona, wani jirgin safiyo na Chana da rakiyar jiragen tsaro ya yi makonni yana shawagi kusa da West Capella, jirgin haƙa da Petronas ya ɗauko haya, har jiragen yaƙin Amurka da Ostireliya suka matso yankin. A ranar 31 ga Mayu, 2021, jiragen saman sojan Chana 16 suka doso gaɓar Sarawak a jere, sai da Malesiya ta tashi jiragen yaƙinta suka tare su. Chana ta ce atisaye ne na yau da kullum. A watan Agustan 2024 wata jaridar Filifin ta fallasa takardar sirri da Beijin ta aika wa ofishin jakadancin Malesiya, tana neman a dakatar da aikin mai da gas a kusa da Luconia. A wannan watan ne kuma Petronas ya fara fitar da gas daga filin Kasawari a yankin. Firaminista Anwar Ibrahim ya mayar da martani cewa za a ci gaba da aikin, tunda a ruwan Malesiya ake yi, amma bai daina kiran Chana aminiya ba.

Mai shiru da mai kururuwa

Malesiya ta daɗe tana bin salon kawar da kai. A watan Janairun 2014, da jiragen yaƙin Chana uku suka koma James Shoal suka maimaita rantsuwa, sai shugaban rundunar sojan ruwan Malesiya ya fara da musanta cewa sun je wurin. Gwamnati takan aika takardun ƙorafi a asirce, ta ci gaba da haƙa, ta guji cacar baka. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun 2009 Chana ce babbar abokiyar cinikin Malesiya. Rundunar ruwan ƙasar ƙarama ce, jiragenta da dama sun tsufa. Ba ta kuma da yarjejeniyar da ta wajabta wa wata babbar ƙasa ta kare ta. Wadda ta ƙulla a 1971 da Birtaniya da Ostireliya da New Zealand da Singafo ta tuntuɓar juna ce kawai.

Filifin ta ɗauki wata hanyar a tudun Second Thomas, wanda ke bayyana idan ruwa ya janye. A 1999, bayan Chana ta mamaye Mischief Reef da ke kusa, Manila ta kafe wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Sierra Madre a kan tudun da gangan, ta zuba sojoji a ciki. Jirgin ya yi tsatsa, amma har yanzu yana nan. Ƙarƙashin Shugaba Ferdinand Marcos ƙarami, Filifin ta riƙa ɗaukar 'yan jarida a jiragenta domin duniya ta ga yadda ake tare su da feshin ruwa mai ƙarfi. A ranar 17 ga Yuni, 2024, jami'an Chana riƙe da wuƙaƙe da gatura suka afka wa kwale-kwalen sojojin Filifin, wani soja ya rasa babban yatsansa. Wata guda bayan haka ɓangarorin suka cimma fahimta ta wucin gadi kan kai wa sojojin kayan abinci. Abin da ya ba Manila ƙarfin guiwa shi ne yarjejeniyar kare juna da ta ƙulla da Amurka tun 1951.

Kowane salo da abin da ya jawo. Filifin ta samu tausayin duniya da hukuncin kotu, amma ta kasa haƙa gas a Reed Bank da kotun ta ce nata ne. Malesiya na haƙa tana sayarwa, sai dai kowace shekara da jiragen Chana suka yi suna sintiri ba tare da an kore su ba, tana ƙara wa Beijin abin da za ta nuna gobe a matsayin shaidar iko. Amurka, wadda a ranar 13 ga Yuli, 2020, ta ambaci James Shoal da suna ta ce Chana ba ta da haƙƙin komai a kansa, ita kanta ba ta amince da UNCLOS a majalisarta ba, kuma Beijin ba ta gajiya da tuna mata hakan.

Inda batun ya taɓa Najeriya

Mafitar da Chana ta daɗe tana tallatawa ita ce a jingine saɓani a haƙa tare. A fuska shawara ce mai kyau, kuma an gwada ta a wurare da dama. Najeriya da Sao Tome sun ƙulla irinta a 2001, inda suka amince da rabon kashi 60 da 40. Malesiya ma tana da irin wannan tsari da Tailan. Amma a waɗannan wurare kowace ƙasa tana da gaɓa ta gaskiya, kuma mil 200 ɗinsu ne suka shiga juna. A gaban Sarawak babu gaɓar Chana da ta kai wurin. Ranar da Malesiya ta yarda da haƙar haɗin gwiwa a can, ta amsa ke nan cewa layin ɗigo tara na da wani matsayi.

Najeriya ta amince da UNCLOS tun 1986, kuma manyan rijiyoyinta na cikin teku irin su Bonga da Agbami da Egina suna ƙarƙashin inuwar wannan doka. Ita ce kuma ta ba ƙasar damar neman ƙarin ƙasan teku bayan mil 200, har hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da batun ta amince mata da kimanin murabba'in kilomita 16,300. Najeriya ta kuma ɗanɗana ɗacin bin doka: Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi a ranar 10 ga Oktoba, 2002, aka kammala miƙa shi a watan Agustan 2008, duk da cewa Najeriya ce mai ƙarfi a tsakanin ƙasashen biyu. Ƙasar da ta biya wannan farashi tana da dalilin damuwa idan manyan ƙasashe suka mayar da dokar teku abin zaɓi, aka koma zaman kashin dankali.

Abin da za a sa wa ido

Ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ASEAN, da Chana sun sa hannu kan sanarwar kyautata ɗabi'a a tekun tun 2002, amma ba ta ɗaure kowa ba. Sun ɗibar wa kansu 2026 domin kammala cikakkiyar ƙa'idar aiki, shekarar da shugabancin ƙungiyar ke hannun Filifin. Tambayoyin da suka hana ruwa gudu tun farko suna nan: ko ƙa'idar za ta zama tilas, da kuma wane yanki na tekun za ta shafa. Idan aka rubuta cewa ta shafi duk wuraren da ake jayayya a kansu, dole a fara tantance ko gaban Sarawak na cikinsu, kuma a nan Malesiya da Chana ba su taɓa haɗuwa ba.

A gefe guda, ƙasashen biyu sun buɗe tattaunawar kai-tsaye kan harkokin teku a Langkawi a watan Oktoban 2024. Tattaunawa ɗaya bayan ɗaya ita ce hanyar da Beijin ta fi so, domin ƙaramar ƙasa ba ta da abokin dafawa a teburin. Tsofaffin rijiyoyin Malesiya na kusa da gaɓa suna raguwa, abin da ke tura Petronas can cikin teku, wajen da jiragen Chana suka fi kai-komo. Wuya a ce Chana za ta yi ciko a kan James Shoal kamar yadda ta yi a Mischief Reef, saboda zurfinsa. Abin da za a auna shi ne rijiya ta gaba da Petronas zai nufa a arewacin Luconia: ko jirgin haƙa zai kammala aikinsa, ko za a janye shi a ce dalilai ne na kasuwanci.